Marigayi Alhaji Abubakar Imam da Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo

Da aka nemi in rubuto wani abu a kan ɗaya daga cikin magabatanmu na wannan makaranta, na san da yawa za su zaci zan ɗauko Sardauna ne ko Tafawa Ɓalewa, ko kuwa ɗaya daga cikin shugabannin ƙasa da makarantar ta yaye. To, waɗannan an sha rubutu a kansu, kuma sun cancanta. Ni na zaɓi mutumin da alƙalami ne babban makaminsa, wato marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rasu a nan Zariya ranar 19 ga watan Yuni, 1981, yau shekara arba'in da 'yan kai ke nan.

Kusan dukanmu mun san shi ta hanyar Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, domin babu wanda ya ratsa aji bai karanta su ba. Amma Imam ɗan jarida, wanda ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo shekara goma sha biyu, shi ne ake neman mantawa da shi, alhali kuwa a nan ne halinsa ya fi fitowa fili. Ni sanina da shi ta takarda ne, da kuma bakin dattawan da suka karanta shi tun yana kan kujerar edita. Abin da nake so in nuna shi ne yadda mutum zai ci albashin hukuma, ya zauna tsakanin Turawa da sarakuna da samari masu zafin kai, amma ya ƙi zama ɗan amshin shatan kowa.

Asalinsa da Zuwansa Zariya

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911, a gidan malanta da alƙalanci. Yayansa shi ne Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, wanda kuma har aka sa wa ɗaya daga gidajen kwananmu sunansa. Imam ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fita a 1932, wato ya yi zamani ɗaya da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ga ƙannenmu da ba su san salsalar makarantar ba, wannan kwaleji ta Katsina da aka kafa a 1921 ita ce aka mayar Kaduna a 1938, aka kawo ta Zariya a 1949, daga baya a 1971 aka raɗa mata suna Barewa. Saboda haka Imam namu ne gaba da baya.

Yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina sai Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta littattafan hira cikin Hausar boko a 1933. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. East ya ga irin baiwar da Allah ya yi wa wannan matashin malami, sai ya nemi a ba da aronsa zuwa Zariya a 1936. Cikin 'yan watanni ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku, yana tsintar labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, yana sa musu riga da hula irin tamu, har mai karatu ya rantse a bayan garinsu abin ya faru.

Akwai abin lura a wannan littafi wanda ba mu gane ba muna yara. Gwarzon littafin ba jarumi ne mai takobi ba, aku ne, ɗan tsuntsu wanda ba shi da komai sai baki. Da labari yake tsare ɗan sarki daga halaka, da labari yake gyara wa manya kuskurensu ba tare da ya kunyata su ba, har ya kai ga zama waziri. Duk wanda ya bi rayuwar Imam zai ga cewa aikin da ya ba akun nan shi ne aikin da shi kansa ya zo ya yi a jarida.

Yadda Aka Haifi Gaskiya

Kafin 1939 Arewa ba ta da jaridar Hausa ta sosai. Akwai wata takarda da gwamnati ke bugawa jefi-jefi tun farkon shekarun 1930, cikin Hausa da Larabci da Turanci, amma ba ta shiga hannun talaka ba. Ana cikin haka sai guguwar yaƙi ta taso a Turai, jita-jita ta cika kasuwanni cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Hitila don a zauna lafiya. Hukuma ta ga ba ta da bakin da za ta yi magana da jama'a kai tsaye. Wannan na daga cikin manyan dalilan da suka sa aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu, 1939, aka ɗauko Imam daga Katsina ya zama editanta na Hausa na farko.

Kuɗinta kwabo ɗaya ne, irin kwabon nan mai huda a tsakiya, wanda sha biyunsa ke yin sule. Sunan jaridar ma ciniki ne aka yi da mai saye: ka ba da kwabo, a ba ka abin da ya fi shi daraja. Da fari wata-wata take fitowa, daga baya aka riƙa matso da ita har ta koma ta mako-mako. Zaman Zariya mahaɗar jiragen ƙasa ya taimaka ƙwarai, domin daga tashar da ke Sabon Gari hanya ta tafi Kano, wata ta yi Gusau da Ƙauran Namoda, wata ta gangara Kaduna har Ikko, ga kuma ƙaramin jirgin nan da ke hawa Jos a wancan zamani. Da yaƙi ya yi tsanani, jaridar ta bi sojojinmu har inda aka kai su, ta zama ita ce ke kai musu labarin gida.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada, da maɗaba'arsa, wanda daga gare shi titin da ya bi ta gaban makarantarmu ya sami suna. A nan aka tara ma'aikata irin su Malam Nuhu Bamalli, a nan kuma aka fara buga jaridar Turanci ta Nigerian Citizen a 1948. Aikin Imam a wannan gida bai tsaya ga tara labarai ba. Shi da abokan aikinsa ne suka sha fama da yadda za a faɗi abubuwan zamani da Hausa, na yaƙi da na majalisa da na asibiti, ta yadda manomi zai gane. Hausar da muke ji a rediyo yau, mai sauƙi, mai tafiya sumul, ta ɗebi kaso mai yawa daga wannan ɗaki. Daɗin daɗawa ya buɗe filin wasiƙu, wanda ya ba malamin makaranta da akawun En'e da ɗan kasuwa damar su kai kukansu inda Razdan da Sarki za su gani. A ƙasar da talaka bai saba ɗaga kai a gaban hakimi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsakanin Wuta Biyu

A 1943 aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma su takwas zuwa Ingila, Imam na cikinsu, haka ma Dokta Nnamdi Azikiwe na jaridar West African Pilot. Labarin wannan tafiya shi ne Imam ya rubuta a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A can Azikiwe ya shirya takardar neman a ba ƙasashen Afirka ta Yamma mulkin kansu cikin shekara 15, aka nemi kowa ya sa hannu. Imam ya ƙi. Ku duba matsayin da yake ciki: saurayi ɗan shekara talatin da biyu, shi kaɗai daga Arewa, a tsakiyar gogaggun 'yan jarida, a baƙuwar ƙasa. Abu mafi sauƙi shi ne ya sa hannu a tafa masa. A fahimtata, ya ga cewa mutanen Arewa ba su aiko shi da wannan saƙo ba, kuma ya san yawan 'yan makarantar da Arewa ke da su a lokacin bai taka kara ya karya ba.

Wanda ya ji wannan kaɗai zai ce ai yaron Turawa ne. To, amma a cikin wannan tafiya ɗin dai ya gana da Lugga, wato Baturen da ya ci Arewa da yaƙi ya kuma shimfiɗa mulki ta hannun sarakuna, wanda a lokacin ya tsufa yana zaune a gida. Imam bai tsaya ga gaisuwa da yabo ba. Ya bayyana masa, da baki da kuma a rubuce daga baya, irin ɓarakar da ke cikin tsarin da ya kafa: Bature na sauraron sarki kaɗai, sarki ba ya shakkar talaka tunda ƙarfin Bature na bayansa, samarin da aka ilmantar kuwa an bar su a rataye, ba a jin shawararsu, in sun yi magana a ce ba su da kunya. Wato mutumin da ya ƙi bin Azikiwe, shi ne kuma ya dubi mai ginin ya nuna masa inda gininsa ya tsage. Shekara bakwai bayan haka, a 1950, Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya kawo batun gyaran mulkin En'e, maganar da Imam ya riga ya share wa fage.

Misali na uku ya shafi mu mutanen Arewa kanmu. A watan Fabrairu na 1950, yana kan kujerar edita, Gaskiya ta buga wani sharhi da ya girgiza mutane. Sharhin ya lissafa wuraren aiki ɗaya bayan ɗaya, tashoshin jirgin ƙasa, gidajen waya, asibitocin gwamnati, kantuna, ofisoshin Kaduna, ya nuna cewa 'yan Kudu ne ke riƙe da su, kuma ran da Bature ya tafi su za su gaje shi. Duk wanda ya san Sabon Garin Zariya ya san ba ƙage aka yi ba. Unguwa ce da ta tsiro a gefen hanyar jirgi tun wajen 1911, ta cika da akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Wasu sun ɗauki sharhin a matsayin hura wutar ƙabilanci, kuma ba za a ce maganar ba ta da kaifi ba. Ni dai yadda na karanta shi, bulalar ta fi sauka a bayanmu: ku da kuka ƙi kai 'ya'yanku makaranta, ga sakamakon. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da Masu Suka Suka Ce

Tarihi ba kirari ba ne, dole a faɗi ɗaya gefen. Jaridar Gaskiya ta hukuma ce, da kuɗin hukuma aka kafa ta, kuma akwai iyakar da edita ba zai tsallake ba. Imam na cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tare da su Dokta Dikko na Wusasa, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. Saboda haka 'yan NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, suna ganin tafiyarsa ta yi sanyi, suna kuma kallon Gaskiya a matsayin jaridar masu mulki. Su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suna son a tumɓuke zalunci ne daga saiwa, shi kuwa Imam yana ganin a bi a hankali, a gyara gida ba tare da an rushe shi ba. Haka kuma lissafin Azikiwe bai yi nisa da abin da ya faru ba, tunda Arewa ta sami mulkin kanta a 1959, Nijeriya kuma ta sami 'yanci a 1960.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ana iya saɓa wa mutum a ra'ayi ba tare da an tuhume shi a amana ba. Abin da ya faɗa wa Azikiwe a Landan, da abin da ya faɗa wa Lugga, da abin da ya faɗa wa mutanensa a shafin jarida, duk daga tushe ɗaya suka fito, wato Arewa na baya a ilmi, kuma ɓoye wannan ba zai amfani kowa ba. Bai canza magana don ya ga fuskar mai sauraro ta canza ba.

Teburin Mai Shayi

A Samaru na tashi, inda mahaifina ke aiki a gonar binciken aikin noma, wadda ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello da shekara arba'in, tunda ita jami'ar a 1962 aka buɗe ta. A zamaninmu Imam ya daɗe da barin kujerar edita, jaridar ma ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian a Kaduna tun 1966, amma al'adar da ya dasa tana nan da ranta. Ran da Gaskiya ta fito, a kan ba ni kuɗi in hau mota zuwa Sabon Gari in an rasa ta a Samaru, in sayo wajen masu jarida na kusa da tasha. Da magariba ta wuce sai a hallara a teburin mai shayi, leburorin gona da masu gadi da masinjoji, yawancinsu ba su iya karatun boko ba. A miƙa wa yaro ɗan makaranta jarida, a tura masa kofin shayi da yankan burodi ladan karatu, ya yi ta karantawa da ƙarfi tun daga shafin farko har wasiƙu. Jarida ɗaya takan ciyar da kunne ashirin. In an gama da ita ta zaga gidaje, ƙarshenta a same ta wajen mai tsire ya naɗe nama da ita, mai saye ya buɗe yana ci yana karanta abin da maiƙo ya bari.

A wannan teburi na fara jin dattawa na ambaton Imam kamar wani ɗan'uwansu. In gardama ta sarƙe a kan wani labari, sai ka ji an ce ai a Gaskiya aka gani, magana ta mutu. Wani tsoho mai gadi, wanda ya yi yaƙin Bama, yakan kwatanta aikin edita da na mai ɗanɗana miya a gidan biki. Yakan ce in gishiri bai ji ba, mai ƙaunar uwar biki shi ne zai faɗa mata tun tukunya na kan murhu. Wanda ya ce ta yi daɗi don a ƙara masa nama, shi ne zai fara yi da ita in baƙi sun watse. A wurinsa Imam mai ɗanɗano ne da ba a saye harshensa da tsoka ba. Na daɗe ina juya wannan magana, domin yardar da waɗannan bayin Allah suka yi wa takarda ba daga sama ta faɗo ba. Wani ne ya shekara goma sha biyu yana tara ta kwabo-kwabo.

Ƙarshen Aiki

Imam ya bar aikin edita a 1951, ya shiga majalisar Kaduna da ta Ikko a matsayin wakili. Bai daɗe ba ya bar siyasa, a daidai lokacin da abokan karatunsa ke zama ministoci, kuma da ya so da an dama da shi. Ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, inda ya shafe shekaru yana tantance waɗanda za a damƙa wa aikin gwamnati, wato ya koma yana magance matsalar da jaridarsa ta yi kuka a kanta a 1950. A ƙarshen aikinsa ya riƙe ofishin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna, aikin da za a ce ci gaban filin wasiƙun nan ne da ya buɗe tun yana saurayi. Bai kuma ajiye alƙalami ba, ya yi rubuce-rubuce a kan tarihin Musulunci da na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bayan rasuwarsa, Alhaji Abdurrahman Mora ya tattara tarihin rayuwarsa aka buga a Zariya a 1989. Ina shawartar duk wanda bai karanta wannan littafi ba ya neme shi.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Yau kwabo ya ɓace daga aljihu, Gaskiya Ta Fi Kwabo ma ta daina fitowa kamar yadda muka saba ganinta. An sami wasu jaridun Hausa bayanta, irin su Albishir da Aminiya, ga gidajen rediyo barkatai, ga kuma wayar hannu da ke kawo labari kafin ƙiftawar ido. Amma jita-jitar da aka kafa Gaskiya don a kashe ta a 1939 ta dawo da ƙarfinta, har ta fi ta dā gudu, kuma sau da yawa mu masu ilmin ne ke tura ta gaba ba tare da mun bincika ba. A cikinmu akwai waɗanda suka riƙe ma'aikatu, da alƙalai, da hafsoshi, da shugabannin jami'o'i, da 'yan jarida. Kowannenmu ya taɓa zama a ɗakin da faɗin gaskiya zai iya jawo masa asara, kuma kowa ya san abin da ya yi a ranar. Ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke kan kujerun yanzu suna kallon abin da muka bari.

Saboda haka ina da roƙo biyu ga shugabannin ƙungiyarmu. Na farko, a haɗa kai da Gidan Arewa da ke Kaduna da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru, a ga yadda za a ɗauki hoton tsofaffin kofen Gaskiya na zamanin Imam a adana a kwamfuta, a kuma ajiye kofe a laburaren makarantarmu, tun kafin gara da ɗanshi su gama da su. Wanda duk ke da tsohon kofe a akwatin mahaifinsa ya taimaka ya fito da shi. Na biyu, a sa wata 'yar kyauta duk shekara da sunan Abubakar Imam ga ɗalibin da ya fi iya rubutun Hausa, ko da littattafai ne kawai. Gasa ce ta fito da shi a 1933, ba mamaki akwai wani irinsa yanzu haka a aji uku yana jiran a tambaye shi.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa aljanna ce makomarsa. Allah ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.